Maganar zuci

Ran 8 ga watan Satumba, ranar yaƙi da jahilci, malamin karatun manya ya yi ma ɗalibai jawabi. Ya ce:

"Ƴan uwa, kowa yana magana da zuciyarsa. Wani ya riƙe alli, sai ya ce a ransa: na tsufa, kaina ya bushe. Hannu ya yi rawa, ya aje allo, ya koma gida. Ranar awon gyaɗa, wani ke karanta masa sikeli. In an rage masa kilo, bai sani ba.

Wani kuwa ya ce: jiya baƙi 3 na sani, yau 5. Wannan gobe zai dawo.

Kullum ku tuna ma zuciyarku abin da kuka iya. Gemu ba ya hana ilimi."