MAGANAƊISUN DUNIYA NA TAFIYA, AMMA BA SHI KE KAWO WANNAN ZAFIN BA

Wannan shi ne jawabin da wani Malamin ilimin ƙasa ya gabatar wa 'yan'uwa matasa a wani zaman ilmantarwa, dangane da saƙonnin da ke yawo a wayoyi cewa wai maganaɗisun duniya ya kusa kifewa, kuma wai shi ne sanadin zafi da ambaliyar da ake fama da su. An kawo shi nan domin amfanin waɗanda ba su samu halarta ba.

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (S), Malam ya fara da cewa maganganu biyu ne aka cakuɗa wuri guda. Ta farko ita ce maganaɗisun duniya yana motsi kuma yana raguwa, wannan gaskiya ne, an auna an gani. Ta biyu ita ce wai wannan motsin ne ke ɗumama duniya, wannan kuwa an bincika ba a same shi ba. Ya ce ƙaryar da aka jiƙa da gaskiya ta fi kowace wuyar ganewa, don haka sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Malam ya bayyana cewa idan aka nutsa cikin ƙasa kimanin kilomita 2,900, za a tarar da narkakken ƙarfe yana kai da komo saboda tsananin zafi da kuma juyawar duniya. Wannan motsi shi ke haifar da lantarki, lantarkin kuma ya haifar da maganaɗisu, kusan irin aikin dainamon keke. Wannan maganaɗisu ya kewaye duniya har can cikin samaniya, yana kare ta daga ɓurɓushin da rana ke fesowa, kuma shi ne ke jan allurar kamfas. Tunda ƙarfen da ke samar da shi ruwa ne mai gudana, ba abin mamaki ba ne shi ma ya ƙi zama wuri guda.

Daga nan sai ya ja hankalin 'yan'uwa cewa arewa iri biyu ce. Akwai arewa ta haƙiƙa, wato bakin sandar da duniya ke juyawa a kanta. Akwai kuma arewar kamfas, inda allura ke nufa, kuma ita ce mai yawon. A shekarar 1831 wani Bature ɗan Ingila, James Clark Ross, ya isa inda take a lokacin, a can ƙuryar arewacin Kanada. Da Roald Amundsen ɗan ƙasar Nowe ya sake aunawa a 1904, sai ya tarar ta gusa. A mafi yawan ƙarni na 20 tafiyarta ba ta wuce kilomita 15 a shekara ba. Amma daga shekarun 1990 sai ta ƙara wuta, har ta kai wajen kilomita 55 a shekara, ta bar Kanada ta nufi Saberiya ta ƙasar Rasha. Lissafin da aka fitar a Disambar 2024 ya nuna ta rage gudu zuwa kimanin kilomita 35 a shekara.

Ya ce waɗanda abin ya dama su ne matuƙa jiragen sama da na ruwa. Akwai taswirar maganaɗisun duniya da hukumomin Amurka da Birtaniya ke sabuntawa duk shekara biyar, wadda jirage da wayoyin hannu ke dogara da ita. Saboda saurin tafiyar, sai da aka yi mata gyaran gaggawa a Fabrairun 2019 tun wa'adi bai cika ba. Haka kuma a 2011 filin jirgin saman Tampa a Amurka ya sake wa titunan saukar jiragensa lamba, domin da kamfas ake ba su lambar.

Game da raguwar ƙarfinsa, Malam ya ce a cikin shekaru 200 da suka wuce ya ragu da kimanin kashi 9 cikin 100. Akwai wani yanki tsakanin Kudancin Amurka da kudancin Afirka inda ya fi rauni, har na'urorin taurarin ɗan Adam kan sami matsala idan sun ratsa ta samansa. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba taurari uku masu suna Swarm a 2013 domin sa ido a kan wannan. Kuma gaskiya ne ya sha kifewa, arewa ta koma kudu, kudu ta koma arewa. Shaidar tana cikin duwatsun aman wuta, domin idan narkakken dutse ya daskare yakan riƙe alƙiblar maganaɗisun zamaninsa. Bafaranshe Bernard Brunhes ya lura da haka a 1906, Motonori Matuyama na Japan ya ƙara haske a 1929. Kifewa ta ƙarshe ta faru ne kimanin shekaru 780,000 da suka wuce. Sai dai ba dare ɗaya take faruwa ba, takan ci ɗaruruwa zuwa dubban shekaru, kuma ba a sami shaidar cewa ta taɓa shafe halittu daga bayan ƙasa ba.

A nan ne Malam ya tsaya a kan tambayoyi biyu da ya ce sun fi yawa a bakin matasa. Ta farko, shin alƙibla za ta gusa? Ya ce a'a. Ana lissafin alƙibla ne daga inda mutum yake zuwa inda Ka'aba take, bisa arewa ta haƙiƙa. Kamfas ne kawai ke bukatar gyara. Wanda ke son tabbatarwa ba tare da kamfas ba, sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai saman Ka'aba, ranar 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27. Duk wanda ya fuskanci rana a wannan lokacin, to alƙibla ya fuskanta. Ta biyu, saƙon da ke cewa wai hukumar NASA ta tabbatar rana ta kusa fitowa daga yamma saboda kifewar maganaɗisu. Ya ce NASA ba ta faɗi haka ba. Fitowar rana ta danganta ne da ɓangaren da duniya ke juyawa, kifewar maganaɗisu kuwa ba ta taɓa wannan juyin. Ya gargaɗi 'yan'uwa cewa abin da mutum ya yi imani da shi ba ya bukatar a tokare shi da labarin ƙanzon kurege.

Da ya juyo kan ɗumamar yanayi, Malam ya ce adalci shi ne a fara jin hujjar masu wannan ra'ayi, domin a cikinsu akwai masana na gaske. Akwai wasu ƙananan ɓurɓushi masu tsananin gudu da ke zubo wa duniya daga can cikin taurari, kuma maganaɗisun rana da na duniya su ke tare wani kaso daga cikinsu. A 1997 Henrik Svensmark da Eigil Friis-Christensen na ƙasar Denmak suka kawo ra'ayin cewa waɗannan ɓurɓushi suna taimakawa wajen haɗuwar gajimare, gajimare kuma shi ke yi wa ƙasa inuwa. Ke nan idan maganaɗisu ya canza, gajimare zai canza, zafi ma ya canza. A 2007 wasu masana a Faransa ƙarƙashin Vincent Courtillot suka wallafa cewa sun ga alaƙa tsakanin maganaɗisun duniya da yanayi, amma Edouard Bard da Gilles Delaygue suka yi musu raddi, suka nuna kurakurai a alƙaluman da suka yi amfani da su.

Ya ce ba a watsar da ra'ayin haka kawai ba, sai da aka gwada shi ta hanyoyi uku. Na ɗaya, tun shekarun 1950 ake ƙirga waɗannan ɓurɓushi da na'urori. Suna hawa suna sauka bisa zagayen rana na shekara 11, amma ba su nufi sama ko ƙasa ba, alhali zafin duniya hawa kawai yake yi. Na biyu, a cibiyar bincike ta CERN da ke Janeba an gina wani katafaren ɗakin gwaji mai suna CLOUD, aka fara aiki da shi a 2009. Sakamakon da aka fitar a 2016 ya nuna tasirin hawa da saukar ɓurɓushin a kan gajimaren zamaninmu bai taka kara ya karya ba. Na uku, kimanin shekaru 41,000 da suka wuce maganaɗisun duniya ya yi mummunan rauni na ɗan lokaci, abin da ake kira aukuwar Laschamp, har wasu ƙididdiga suka ce bai kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa na yau ba. Ƙanƙarar da aka haƙo a tsibirin Girinlan ta nuna ɓurɓushin sun ƙaru sosai a lokacin, amma ba a ga yanayi ya bi sawunsu ba.

Malam bai ɓoye cewa a 2021 wasu masana, Alan Cooper da Chris Turney da abokan aikinsu, sun yi nazarin tsofaffin kututturan itatuwa a Niyu Zilan suka ce wancan rauni ya taɓa yanayi ba, kuma wasu masanan sun yi musu ja sosai. Amma ya ce ko da an sallama musu, maganar garkuwar da ta kusa faɗuwa gaba ɗaya suke yi, ba ragin kashi 9 cikin 100 ba. Ya kuma nusar da 'yan'uwa wani abu: idan maganaɗisun duniya ya yi rauni, ɓurɓushi za su ƙaru, gajimare ya ƙaru, duniya ta yi sanyi bisa ra'ayin Svensmark ɗin kansa. Ashe masu tura saƙon sun ɗauko hujjar da ke rusa maganarsu.

To mene ne ke kawo zafin? Malam ya ce an daɗe da sanin amsar. A 1859 John Tyndall ya gwada a Landan ya ga iskar kabon tana riƙe zafi. A 1896 Svante Arrhenius na Suwidin ya lissafa cewa ƙaruwarta za ta ɗumama duniya. Kafin zamanin masana'antu tana kimanin kashi 280 cikin miliyan na iskar da ke sama. Da Charles Keeling ya fara aunawa a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958 ta kai wajen 315, a 2024 kuwa ta haura 420, saboda ƙona kwal da man fetur da gas da kuma sare dazuzzuka. Tun 1978 ake auna ƙarfin hasken rana da taurarin ɗan Adam, ba a ga ya ƙaru ba. Sannan iskar da ke kusa da ƙasa tana ɗumama, ta can sama kuma tana ƙara sanyi, wanda alama ce ta bargon da ke tare zafi daga ƙasa. Da rana ce ta ƙara wuta, da sama da ƙasa duk sun ɗauka. A 2021 kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce babu shakka ayyukan ɗan Adam ne suka ɗumama duniya, da kimanin digiri 1.1 a kan yadda take tsakanin 1850 da 1900.

Malam ya ce bai halatta a tuhumi kowane mai bincike da cewa an saye shi ba. Amma ya kamata 'yan'uwa su san wanda ke cin riba idan aka ɗora laifin a kan abin da ba hannun kowa a ciki. Tun 1977 masanan kamfanin mai na Exxon suka sanar da shugabanninsu haɗarin iskar kabon, kuma wani nazari da mujallar Science ta buga a 2023 ya nuna hasashensu ya yi daidai, amma kamfanin ya shafe shekaru yana shuka shakku a bainar jama'a. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da sama da kashi 4 cikin 100 na wannan iska, amma ambaliyar 2022 ta kashe mutane sama da 600 a Nijeriya, kuma masanan da suka yi nazarin ruwan wannan daminar a yankin Tafkin Chadi sun ce ɗumamar yanayi ta ninka yiwuwar irinsa kusan sau 80. A wannan shekarar ce, a taron Sharm el-Sheikh na ƙasar Masar, ƙasashe matalauta suka matsa har aka amince da kafa asusun biyan hasarar da sauyin yanayi ke jawowa. Ya ce idan maganaɗisu ne, to ba wanda ake bi bashi, manomin da ruwa ya cinye wa gona sai dai ya yi haƙuri. Don haka matashin da ke tura irin wannan saƙo yana wanke masu laifi ne a kyauta, ba tare da ya sani ba.

A ƙarshe Malam ya shawarci 'yan'uwa da kada su tura wani saƙo na kimiyya sai sun tambayi wa ya auna, yaushe, a ina, kuma wa ya sake aunawa ya samu daidai. Ya kuma yi kira ga waɗanda ke makaranta su riƙe darussan lissafi da kimiyya da kyau, domin al'ummar da ba ta da masu auna mata ruwan samanta da zafin garinta, dole ta karɓi duk abin da aka faɗa mata. Daga nan ya amsa tambayoyi, aka rufe zaman da addu'a.