Zati da Sifa a Wasan Zaune: Laccar da Aka Gabatar a Birnin Ƙonni

Iyayenmu dattawa, malamai, da ku ɗalibai da kuka yi tattaki daga Malbaza da Illela, Allah ya saka da alheri.

Mas'alar da na zo da ita yau, ko da yake a zahiri ta shafi wasa, a haƙiƙa tsohuwar tambaya ce wadda ma'abota ilmin manɗiƙi suka daɗe suna jujjuyawa, watau mene ne zatin abu wanda in ya gushe abin ya gushe, mene ne kuma sifa wadda take zuwa ta tafi alhali abin yana nan daram. Na fara tunaninta ne wata ranar Laraba bayan la'asar, kasuwa tana watsewa, da na tsaya gindin wata darbejiya inda dattawa biyu suka tona gurabu talatin a rairayi, jeri biyar na shida-shida, ɗaya ya kakkarya karan dawa goma sha biyu, ɗayan ya tsinto tsakuwa goma sha biyu. Mai tsakuwa baƙo ne daga tsallaken iyaka. Da ya jera uku ya miƙa hannu zai ɗauke kara daga cikin jerin da abokinsa ya riga ya kammala, sai mai gari ya riƙe masa wuyan hannu ya ce, "Malam, nan ba mu ci daga ciki." Baƙo ya ce su a garinsu ana ci. Aka yi 'yar gardama, aka daidaita bisa al'adar masu gida, wasa ya ci gaba. Kuma cikin duk waɗanda suka kewaye su babu wanda ya yi shakkar cewa abin da ake yi dara ce.

Irin wannan saɓani ya faru ga wani wasa na ƙasar Amurka, sai dai nasu a rubuce yake da shekarunsa, shi ya sa nazarinsa ya fi sauƙi. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, ƙananan littattafai uku cikin kwali, bugun farko kwafi 1,000, ta hannun kamfanin TSR na jihar Wiskonsin. Siffarsa kuwa kamar tatsuniya ce wadda masu sauraro suka shiga cikinta: mutum ɗaya yana jan labari, yana bayyana gari da daji da kogo da abin da ke cikinsu, sauran kuwa kowa ya riƙe mutum guda, wannan mayaƙi, wancan matsafi, wancan mai ibada mai warkar da rauni, kowa yana faɗin abin da mutuminsa zai aikata, in aka zo inda ba a san ko zai dace ko ba zai dace ba, sai a jefa ɗan lido, wanda mafi shahararsa mai fuska 20 ne, abin da ya fito shi ne hukunci. Ba a zuba kuɗi. Amma na san akwai malamai a nan da za su tuna abin da Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya ambata cikin Risala game da hanin wasan nardu da shaɗaranji, kuma hukuncin wannan nasu ne, ni bayanin surar abin kaɗai na ɗauka.

Daga nan bugu ya yi ta bin bugu. Tsakanin 1977 da 1979 aka fitar da manyan littattafai masu faɗaɗa ƙa'idoji, a 1989 bugu na biyu, a 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya saye TSR bayan ta durƙushe da bashi, a 2000 kuma bugu na uku ya zo ya juya lissafi. Misali guda ya isa: a da, gwargwadon ƙanƙantar lambar sulken mutum gwargwadon wuyar samunsa da sara, sai bugu na uku ya mai da ita babbar lamba ita ce mai kariya. Tsofaffin 'yan wasa suka yi gunaguni, sa'an nan suka saba, domin abin da aka taɓa sifa ce.

Inda darasin yake shi ne bugu na huɗu, na 2008, shekarar da Gygax ya mutu. Masu tsara shi, da nufin adalci tsakanin 'yan wasa, suka ba kowane irin mutum jerin dabaru masu tsari iri ɗaya, wasu a yi su kullum, wasu sau ɗaya a kowace arangama, wasu sau ɗaya a yini, har ya zama mayaƙi da matsafi, waɗanda tun 1974 ɗanɗanon riƙe su ya bambanta, sun koma kamar tagwaye. Suka kuma ɗora nauyin wasan bisa allo mai gidaje da 'yan gumakan da ake turawa. Ƙa'idojin a kan kansu tsararru ne, ba na musun wannan, kuma suna da masoya har yau. Amma jama'a mai yawa ta ce wannan ba shi ne wasan da ta sani ba, ko da yake sunan yana rubuce ɓaro-ɓaro a bango. Da yake tun 2000 kamfanin ya ba da izini a rubuce ga kowa ya yi amfani da ginshiƙan ƙa'idojinsa, sai wani ƙaramin kamfani mai suna Paizo ya ɗauki ƙa'idojin gyararren bugu na uku, na 2003, ya yi musu kwaskwarima, ya fitar da Pathfinder a 2009, mutane kuwa suka bi shi har ya yi kafaɗa da kafaɗa da uwar gijiyarsa a kasuwa. Suna yana hannun wani, majalisa ta koma gidan wani. Rikicin bai lafa ba sai da masu sunan suka buɗe gwaji ga jama'a daga 2012, suka saurari ƙorafi, suka fitar da bugu na biyar a 2014 wanda ya maido da yawa daga abin da aka saba.

Saboda haka ra'ayina, wanda nake riƙe da shi da gaske, shi ne zatin irin wannan wasa ba ya cikin suna, domin suna haja ce da ake saye da sayarwa, ba ya kuma cikin nassin kowane bugu, domin babu bugun da ba a shafe wani abu nasa ba. Yana cikin rabon aiki na majalisar, mai jan labari guda da masu riƙe da mutum ɗai-ɗai da ƙuri'ar da ba ta jin lallashi, tare da harshen da suka gada, kamar sifofi shida da ake auna kowane mutum da su tun bugun farko: ƙarfi, basira, hikima, zafin nama, juriya da kwarjini. Ma'aunin da nake gwada shi da shi kuwa namu ne na gida: mutumin da ya tafi ci-rani Kumasi ko Abijan ya yi shekara ashirin, in ya komo ya tarar ana wasa, zai iya zama a shiga da shi bayan 'yar magana kaɗan, ko kuwa sai an koya masa daga alif? Kokawarmu ta ci wannan jarrabawa, domin tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975 an shigo da alƙalai da agogo da filin da aka shata da kuma takobin zakara, amma ɗan kokawan ƙauye da ya shiga fagen ya san abin da ake nema, a kai mutum ƙasa.

Abin da ke damuna shi ne ranar da za a rubuta ƙa'idar dara a littafin makaranta ko a zuba ta cikin wayar hannu, domin rubutu yana da kwarjinin da yakan sa riwaya ɗaya ta danne 'yan'uwanta, yaro ya tashi yana ƙaryata kakansa da takarda. Don haka nake roƙonku ɗalibai, a hutun da ke tafe ku zauna da dattawan Ƙonni da Galmi da Malbaza da Illela, ku tambayi kowannensu gurabu nawa yake tonawa, ko ana jera uku tun lokacin zubi, ko jeri huɗu yana ci, ko ana ɗauka daga jerin da ya kammala, ku rubuta kowace amsa da sunan garinta da wanda aka ji ta daga bakinsa, kamar yadda malamanmu suke kiyaye isnadi. Wanda ya kawo nasa, za mu karanta shi a wannan zaure in Allah ya kai mu.