ARZIKIN ƘARƘASHIN ƘASA DA HAƘƘIN MASU ƘASA: DARASIN ARLIT DA SAMIRA GA MUTANEN KURFAI

Jawabin da aka gabatar a Filinge gaban 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati

 

Wani zai ce me ya haɗa Filinge da zancen ma'adinai, alhali ba mu da ramin uraniyom irin na Arlit, ba mu da masana'antar zinariya irin ta Samira, arzikinmu gero ne da wake da shanun Azawak da ake baje kolinsu a kasuwar Lahadi? Amsa ita ce, Abzinawan da ke kiwo a filayen Arlit kafin 1968 su ma haka suke gani. Ba wanda ya zaunar da su ya karanta musu yarjejeniya. Hausawa kuwa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Bari mu fara da tarihi. A 1957, muna ƙarƙashin mulkin mallaka, masu binciken Faransa suka ci karo da uraniyom a Azelik, kusa da Ingal. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, ya fara haƙa a Arlit a 1971. Aka kafa COMINAK a 1974, ya fara fitar da ƙarfen a Akokan a 1978. Babban mai ruwa da tsaki a duka biyun kamfanin gwamnatin Faransa ne, wanda ya canja suna daga Cogema zuwa Areva, daga Areva zuwa Orano. Tun farko zancen farashi ya shiga siyasarmu: ana cikin ja-in-ja da Faransa a kan kuɗin uraniyom sojoji suka kifar da shugaba Jori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, mulki ya koma hannun Saini Kunce, ɗan Fandu, wato ɗan wannan yanki namu.

Ba za mu yi butulci mu ce ƙasa ba ta ga komai ba. Da kuɗin uraniyom aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, aka tada manyan gine-ginen Yamai, aka ɗauki dubban ma'aikata. Amma dattawan ma'aikata da ke zaune nan sun san abin da ya biyo baya. Farashi ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya hau kanmu, masu ba da lamuni suka gindaya sharuɗɗa, aka karya darajar sefa a Janairun 1994, malamin makaranta ya riƙa yin watanni ba albashi, ɗan kasuwa kuma littafin bashinsa ya cika. Ƙasar da ta rataya kasafinta a wuyan ƙarfe guda, farashinsa kuma a wata nahiya ake yankawa, ta miƙa linzaminta ga wani.

To me masu ƙasar suka samu? Kamfanonin sun shekara fiye da arba'in suna zuƙar ruwan ƙarƙashin hamada, ruwan da ya taru tun dubban shekaru, wanda damina ba ta mayar da shi. Ƙungiyar Aghirin'man ta mutanen Arlit ce ta fara ɗaga murya, ta gayyato masanan CRIIRAD daga Faransa a 2003, sannan Greenpeace ta zo a 2009. Sun auna ruwan sha guda biyar, huɗu suka zarce ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. A wani titin Akokan sun tarar da tururin guba ya ninka na al'ada kusan sau 500, domin da tarkacen dutsen rami aka yi ciko. Sun kuma tarar da ƙarafan da suka gurɓata a kasuwa, maƙera na saye suna ƙera kayan gida. Kamfanin ya musanta yawancin zarge-zargen, yana cewa yana bin ƙa'ida. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK bayan ya fitar da tan kusan 75,000 na uraniyom. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila, aka bar wa Akokan tulin dusar ma'adini tan miliyan 20 wadda gubarta za ta daɗe dubban shekaru. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada kuma mu manta da jinin da aka zubar. Tawayen arewa da ya ƙare da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, da na MNJ daga 2007 zuwa 2009, duka sun sa rabon arzikin ma'adinai cikin manyan buƙatunsu. Inda aka hana mutane faɗin kokensu a zaure, wata rana a daji za a ji shi.

Yanzu mu dawo gida, jahar Tilaberi. Talakawa ne suka fara tonon zinariya a Liptako bayan farin 1984, Koma Bangu ta zama matattarar 'yan ci-rani daga ko'ina. Bayan su kamfanonin Kanada biyu, Etruscan da Semafo, suka zo da injuna suka buɗe Samira a 2004, gwamnati na riƙe da kashi 20 cikin ɗari. A 2013 Semafo ya sayar wa SOPAMIN hannun jarinsa ya tafi, a 2019 McKinel na Ostareliya ya karɓa, a Agustan 2025 hukumomi suka mayar da kamfanin mallakar ƙasa. Cikin shekara ashirin da ɗaya rami guda ya canja ubangida aƙalla sau uku, mutanen ƙauyukan bakin Sirba kuwa suna nan inda suke, su da ramin da ruwan sinadarin da ake wanke zinariya da shi.

Ga wata magana da ta shafe mu kai tsaye. Dokar ma'adinai da aka gyara a 2006 ta ce kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da gwamnati ke samu daga ma'adinai a ba ƙananan hukumomin jahar da aka haƙo su. Filinge a jahar Tilaberi take. Nawa ya shigo baitulmalinmu daga zinariyar Samira, a wace shekara, a wace rijiya ko aji aka kashe shi? Wannan tambaya haƙƙin kowane mai biyan haraji ce, kuma ma'aikatan kuɗi da ke nan sun san a wane littafi ake samun amsarta. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a 2024 aka naɗa kantomomi, nauyin yin tambayar ya koma kan ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na manoma da makiyaya.

Na san da yawa sun yi murna da aka ƙwace lasisin Imuraren daga hannun Orano a Yunin 2024, aka kuma mayar da SOMAIR mallakar ƙasa a Yunin 2025. Murnar tana da dalili, domin cinikin da aka ƙulla tun zamanin mallaka ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Sai dai makiyayin da aka killace masa mashaya bai damu da launin tutar da ke kan shingen ba. A Azelik kamfanin Sin ne ya yi aiki, makiyayan Ingal suka yi kuka irin na Arlit. In mai rami ya canja amma halin rami bai canja ba, an sauya wa tuwo suna ne kawai.

Saboda haka mu san matsayinmu a doka. Manomi yana da saman gonarsa, abin da ke ƙarƙashi kuwa na ƙasa ne, gwamnati ce ke ba da lasisinsa. Amma dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da gonar gado daidai da mai takarda, muddin hukumar filaye, wadda muke kira Kofo, ta tabbatar da ita. Dokar 1961 da aka gyara a 2008 ta ce ba a karɓe wa mutum fili don amfanin jama'a sai an biya shi diyya tukuna. Dokar kiwo ta 2010 ta ba makiyayi irin wannan kariya a kan mazauninsa na asali. Matsalar ita ce ranar da mai lasisi ya iso da taswira, wanda ba shi da rubutu bakinsa kawai gare shi.

Kuma Kurfai na da abin da za ta yi asara. Dallol Boso yashi ne, ruwansa kusa yake, a wurare da dama 'yan gabobi kaɗan ake haƙawa a same shi. Shi ke shayar da dankalin Bankuku da lambunan Balayara da garken Tukunus. Ƙasar da ruwanta ke kusa, guba ma ba ta daɗewa kafin ta riske shi. Maƙwabtanmu na gabas, a Salkadamna ta jahar Tawa, an aza harsashin aikin gawayin ƙasa tun 2014. Zancen bai yi mana nisa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ina roƙon sarakuna da masu gari su sa a rubuta gonakin gado, a shata burtali da makiyaya da rijiyoyi a gaban Kofo tun babu mai jayayya. Ina roƙon ma'aikatan gona da na ruwa da na kiwo su auna rijiyoyinmu su ajiye sakamako, domin in ba a san lafiyar ruwa jiya ba, babu mai iya tabbatar da wanda ya ɓata shi gobe. Duk baƙon da ya zo da na'urar bincike, ɗan ƙasa ne ko Bature ko Basine, a karɓe shi da mutunci, a kuma nemi ganin lasisinsa, a karanta shi da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci a bainar jama'a. In har za a haƙa, a rubuta tun farko wa zai cike ramin, da kuɗin wa, kuma a wane asusu aka ajiye su.

Ku kuma 'yan kasuwa, kamfani zai zo muku da kwangilar shinkafa da siminti da motoci, ba laifi ba ne ku ci ribarku ta halal. Amma ku tuna rami yana da ranar rufewa, kamar yadda Akokan ta gani, gona da garke kuwa su suka riƙe kasuwar Filinge tun kakanni. Kada a yi amfani da sa hannun ɗayanku a sayi gonar marayu da rahusa don an ji ƙishin-ƙishin akwai wani abu ƙarƙashinta.

Ƙasar nan amana ce a hannunmu, za a tambaye mu yadda muka bar ta. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da yankinmu lafiya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.