Karin Maganar Turanci: "Under the Radar"

 

Yau za mu duba wata karin magana ta Turanci wadda ake yawan ji a rediyo da kuma bakin ma'aikata. Ita ce "under the radar". Ga yadda ake faɗinta: anda da rada. Ma'anar kalmomin ita ce "a ƙarƙashin rada".

To, mece ce rada? A lura, ba raɗa ba ce irin wadda ake yi wa mutum a kunne. Rada na'ura ce mai gano jirgin sama tun yana nesa. Tana aika saƙo cikin iska. Idan saƙon ya bugi jirgi sai ya dawo mata, kamar yadda muryarka take dawowa idan ka yi kira kusa da dutse. An gwada ta a Ingila a shekarar 1935. A 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta taimaki Ingila wajen gano jiragen Jamus kafin su iso.

Amma matuƙa jiragen yaƙi suna da dabara. Idan jirgi ya yi ƙasa-ƙasa sosai, tuddai da duwatsu sukan kare shi, rada ta kasa ganinsa. Daga nan maganar ta samo asali.

Yanzu ana faɗinta ko da babu jirgi. Ana nufin mutum ko abu ya wuce ba tare da masu sa ido sun farga ba. Mu a Hausa sai mu ce ya sulale, ko ya yi sanɗa, ko an yi abu a ɓoye.

Wani lokaci yabo ne. Ga yarinya mai shiru-shiru a aji, ba wanda ya kula da ita, sai ga shi ta zo ta ɗaya a jarrabawa. Bature zai ce da can tana ƙarƙashin rada.

Wani lokaci kuma gargaɗi ne. A 2016 an gano cutar shan-inna a Jihar Borno, bayan shekara biyu ba a ga mai ita ba a Nijeriya. Bincike ya nuna ta yi shekaru tana yawo a wuraren da masu rigakafi ba sa iya shiga. Wannan shi ne tafiya a ƙarƙashin rada. Haka hawan jini yake. Yakan daɗe a jiki babu wata alama, sai an auna ake ganewa.

Saboda haka, idan kun ji maganar, kada ku yi saurin cewa laifi aka yi. Ku tambayi kanku: me ya ɓuya, kuma wa ya kamata ya gani? Idan ma'aikacin lafiya ne ya faɗa, yana nufin a je a duba tun da wuri, don rigakafi ya fi magani.

Allah ya ƙara mana sani.