Dokokin Gini a Nijeriya da Ƙasashen Maƙwabta

Maganarmu ta yau a kan izinin gini ce, domin 'yan kasuwarmu da yawa suna gina gida a Kano, su kuma gina wani a Maraɗi ko Kumasi, suna zaton doka ɗaya ce. To, ba haka ba ne.

A Nijeriya, tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamna a matsayin amana, shi ke ba da takardar mallakar fili a birane. Amma wannan takarda ba izinin gini ba ce. Sai mutum ya kai taswirar gininsa ga hukumar tsara birane ta jiharsa, an duba, an sa hannu, kafin ya haƙa harsashi. Gwamnatin Tarayya ta fito da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa a 2006, sai dai Kotun Ƙoli ta riga ta yanke hukunci a 2003 cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Saboda haka abin da aka yarda da shi a Kaduna ba lalle ne ya gamsar da Ikko ba.

Gana ta yi nata dokokin a 1996, ta ƙara da sabon kundi a 2018, kuma majalisar gunduma ke ba da izini.

Nijar da Kamaru kuwa tafarkin Faransa suka gada. A can wurin magajin gari ake neman izini. Akwai kuma wani sharaɗi da ni a ganina ya cancanci mu yi nazarinsa: idan gini ya rushe saboda aibin aiki ko na ƙasar da aka ɗora shi, alhakin yana wuyan mai zanen taswira da ɗan kwangila har shekara 10. Wanda ya san haka yakan yi tunani sau biyu kafin ya rage siminti ko rodi. Mu da muka ga benen nan mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi a watan Nuwamba na 2021, mutum fiye da 40 suka rasu, mun san abin da ake gudu.

Don haka duk mai niyyar gini a ƙetare, ya fara zuwa ofishin magajin gari ko majalisar wurin da takardun filinsa da taswirarsa, tun kafin ya sayi bulo ko ɗaya.