YADDA ƊALIBI KE ZAMA HAFSAN SOJA

Ƴan makarantar yaƙi da jahilci, maza da mata, barkanmu da war haka. Muna gaida na Maraɗi, da na Tibiri, da na Jiratawa, da duk wanda ya ajiye aiki ya zo ya zauna kusa da rediyo.

Yau za mu yi magana kan soja. Kowa ya san soja. Muna ganinsu bakin hanya, muna ganinsu ranar fareti. Amma cikinsu akwai masu ba da umurni, akwai masu bi. Mai ba da umurni shi ake kira hafsa. To, daga ina hafsa yake fitowa? Wa ya koya masa shugabanci? Ku kasa kunne. Maganar ta shafe mu, don ƴaƴanmu ne hafsoshin, kuma ƴaƴanmu ne waɗanda suke bin su.

Yadda abin yake a zamanin da

Ƙasar Maraɗi ta daɗe da sanin yaƙi. A shekarar 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi. Gidan sarauta ya yi ƙaura zuwa arewa. Wajen 1819 sarki Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda sarkin Gobir Ali da sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka rasu. Bayan haka ne Gobirawa suka kafa Tibiri, ƙarƙashin sarki Mayaƙi.

A fadar Maraɗi akwai manyan sarakai huɗu: Galadima, Ƙaura, Durɓi da Ƴandaka. Ƙaura shi ne shugaban yaƙi. Har yau ba a manta da sunan Ƙaura Hasau ba.

A lokacin nan babu aji, babu allo. Yaro yana koyo ne a bayan ubangidansa. Ya yi wa doki ciyawa. Ya ɗauki garkuwa. Ya ga yadda ake jera dawakai da ƴan baka. Ya ga yadda ake aika ɗan leƙen asiri kafin a tashi. Sannu sannu har a ba shi mutane. Ke nan tun da can, jan mayaƙa koyonsa ake yi.

Yanzu doki ya ba mota wuri. Ga taswira, ga wayar iska, ga takardun umurni. Duk waɗannan sai mai karatu. Saboda haka hanyar zama hafsa ta koma ta cikin lakwal.

Hanyar karatu

Da ƙasarmu ta sami mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, sai ta kafa rundunar sojanta. Hafsoshin farko a waje suka yi karatu. Ga misali Janar Seyni Kunce. An haife shi a 1931. Ya yi makarantar ƴaƴan soja a Kati cikin ƙasar Mali, ya wuce Sanluwi ta Senegal. Daga baya ya shiga makarantar hafsoshi ta Firejus a Faransa. Shi ne ya riƙe ƙasa daga 1974 har rasuwarsa a 1987.

Daga baya Nijar ta buɗe nata makarantu. A 1996 aka buɗe makarantar Firitane a Yamai. Tana ɗaukar yara bayan sun gama firamare, ta hanyar jarrabawa. A Tondibiya, kusa da Yamai, aka kafa makarantar horar da hafsoshi, wadda aka sani da sunan EFOFAN.

A ce wani yaro ne daga Tibiri. Ya yi shekara 6 a firamare. Ya yi 4 a kwaleji. Ya yi 3 a lisa, kamar lisa Ɗan Baskore ta Maraɗi, ya sami bakaloriya. Ya shiga jami'a ya yi shekara 3, ya sami lisans. Ku haɗa: 6 da 4 da 3 da 3. Shekara 16 ke nan. Ba sai ya tafi nesa ba, don tun 2010 Maraɗi tana da jami'arta. Tana ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, wanda ya taɓa zama ministan ilimi.

In hukuma ta ba da sanarwa, sai yaron nan ya kai takardunsa. Likita ya duba idonsa, da kunnensa, da ƙirjinsa. A gwada shi gudu. A zaunar da shi jarrabawar rubutu. Masu nema da yawa, wurare kaɗan. In ya ci, ya zama ɗalibin hafsa. Akwai kuma wata ƙofa: sojan da ya riga ya shiga aiki, in yana da ilimi da hali nagari, yana iya yin jarrabawa ya hau. Likitoci da injiniyoyi ma soja na bukatarsu. Ƴan mata su ma suna shiga.

Kowace ƙasa da irin tata dabara. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun kafa makarantar hafsoshi a Kaduna a 1964. Can ɗalibi yana fita da digiri da muƙamin hafsa tare. Faransa tana da Sansir tun 1802. A Amurka kuwa, tun 1916 akwai wani shiri da ake kira ROTC. Ɗalibi yana jami'arsa kamar kowa, yana karatun lissafi ko tarihi. Amma cikin mako yana da darasin soja, yana motsa jiki da sassafe. Lokacin hutu ya tafi sansani. Ran da ya gama jami'a, sai a ba shi muƙamin ƙaramin laftana. Hanyoyi daban daban, amma abin da ake koyarwa kusan ɗaya ne.

Darasi na farko: bi

Ran da ɗalibi ya shiga, ana yi masa aski. A ba shi kaki irin na kowa. Ɗan sarki da ɗan talaka ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya. Ya tashi tun kafin asuba. Ya gyara gadonsa, ya goge takalminsa, ya share bindigarsa. In aka ce tsaya, ya tsaya. In aka ce tafi, ya tafi.

Wani zai ce: mai lisans ne ake sa shara? I, shi ne. Wanda bai ɗanɗana bi ba, bai san nauyin umurni ba. In ya taɓa tafiyar dare da kaya a baya, ya san iyakar ƙafar ɗan Adam. Gobe ba zai ɗora wa mutanensa abin da ya fi ƙarfinsu ba.

Darasi na biyu: karatu da lissafi

Nan ne aikinku da nasa suka haɗu. Abin da kuke koyo a aji, shi ne tushen aikin hafsa.

Ana koya masa karanta taswira. Taswira hoton ƙasa ne a kan takarda. A wata taswira, santimita 1 yana nufin kilomita 1. In ya auna santimita 12 tsakanin gari da gari, ya san tafiyar kilomita 12 ce. Ya ga inda gulbi yake, da inda rijiya take. In ya yi kuskuren karatu, mutanensa su ɓace a daji.

Ana koya masa lissafin guzuri. Sabon hafsa yana jan mutum wajen 30. A ce za su yi kwana 3 a daji da bazara. A ce kowa yana bukatar ruwa lita 10 a yini. Mutum 30 sau lita 10, lita 300 ke nan a yini. Kwana 3, lita 900. In jarka ɗaya tana cin lita 25, jarka 36 za a ɗauka. Hafsan da ya ɗauki jarka 20, ƙishirwa za ta kori mutanensa tun ba su ga abokan gaba ba. Haka zai lissafa abinci, da man mota, da magani.

Ana koya masa ba da umurni. Umurni nagari yana amsa tambaya biyar. Me ke faruwa? Me aka ce mu yi? Yaya za mu yi shi? Me za mu ci, me za mu ɗauka? Yaya za mu ji juna in mun rabu? Sai ya faɗa da gajerar magana, yadda sojan da bai yi lakwal ba zai gane. In an dawo, ya rubuta rahoto. Ya rubuta gaskiya, ko da ba ta yi masa daɗi ba.

Darasi na uku: jan mutane

Ba a koyon iyo a tudu. Saboda haka malamai suna ba ɗalibai shugabanci bi da bi. Yau kai ne shugaba, abokanka su bi ka. Gobe wani ne, kai ka bi shi. Ana zaɓen lokacin da kowa ya gaji, ga yunwa, ga barci. Sai a ce: ga gulbi, ƙetarar da mutanenka. Malami yana gefe da alƙalami, yana kallo. Wa ya yi fushi? Wa ya ruɗe? Wa ya nemi shawara? Wa ya manta da na baya?

In an gama, a zauna a tattauna. Kowa ya faɗi abin da ya gani. Shugaban ranar ya ji kurakuransa a gaban abokansa. Da zafi, amma gara a yi kuskure a makaranta. A fagen daga, kuskure da rai ake biyansa.

Mutanen Jiratawa sun san irin wannan. A filin noman rani, in shugaban ƙungiya ya fara ba gonarsa ruwa kafin ta kowa, wa zai ƙara jin maganarsa? Haka yake a soja. Ana koya wa hafsa ya ci abinci bayan mutanensa sun ci. Ya san sunan kowa. Ya san wanda matarsa ta haihu, da wanda ƙafarsa ta yi kumburi. Haƙƙin ƙaramin soja amana ne a hannunsa. Sisin kwabo bai halatta ya taɓa ba.

Kuma in ya fito, zai tarar da tsohon sarjan da ya yi shekara 20 yana aiki. Hafsa ya fi shi muƙami, sarjan ya fi shi sanin daji. Yaro mai hankali yana tambayarsa kafin ya yanke shawara. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Darasi na huɗu: doka

Bindiga tana da doka. A 1949 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjeniyoyi huɗu a birnin Janeba, Nijar ma ta amince da su. Sun hana kashe wanda ya ajiye makami. Sun hana azabtar da wanda aka kama. Sun ce a yi wa mai rauni magani, ko da abokin gaba ne. Sun ce kada a taɓa farar hula. Ɗalibin hafsa yana karanta su, ana yi masa jarrabawa a kansu. In mutanensa suka yi ɓarna, shi za a fara tambaya.

Jama'a, wannan ba labarin nesa ba ne. Mun san wahalar da ƴan bindiga suka jawo wa ƙauyukan bakin iyaka, wajen Madarunfa da Gidan Rumji. An saci shanu, an kama mutane don kuɗin fansa. A 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Nijeriya suka shigo jihar Maraɗi. In soja suka sauka ƙauye, halin hafsansu ne za a gani. In ya gaida maigari, ya hana mutanensa taɓa ko kazar wani, jama'a za su yarda da shi. Su gaya masa hanyar da ɓarayi ke bi. In ya zo da zagi da duka, kowa ya kama bakinsa. Soja ba labari kamar makaho ne ba sanda.

Ku tuna kuma, sau biyar soja suna karɓar mulki a ƙasarmu: 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Ke nan tarbiyyar hafsa ta shafi kowane gida.

Aikin iyaye

Makarantar soja tana gyara, amma gida ne ke farawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba da ƙarya a gida, kaki ba zai wanke shi ba.

Ga abin da ya rataya a wuyanku. Ku yi wa yaro takardar haihuwa tun yana jariri, ku adana ta. Ku duba ko sunansa da shekarunsa daidai suke a duk takardunsa. Harafi ɗaya in ya saɓa, yana iya hana shi jarrabawa. Yanzu kun iya karatu, ku duba da idonku. Kada ku fid da shi daga lakwal saboda talla ko tafiya cin rani. In sanarwa ta fito, ku karanta sharuɗɗanta da kanku. Wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya sama wa ɗanku wuri, ku guje shi. Kada ku sayar da gona ko saniya saboda maganar ɗan damfara.

Kada kuma ku tilasta wa yaro. Aikin soja akwai haɗari, akwai nisa da gida. Wasu suna tafiya ba su dawo ba. Ku zauna da shi, ku gaya masa gaskiya. In zuciyarsa na so, ku sa masa albarka.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Wane ne shugaban yaƙi a fadar Maraɗi?
2. Don me ake koya wa ɗalibin hafsa bi kafin a ba shi mutane?
3. Soja 40 za su yi kwana 2 a daji. Kowa lita 10 a yini. Jarka nawa mai lita 25 za su ɗauka?
4. Wane hali kuke so ku gani wurin hafsan da ya sauka garinku?

Ku rubuta amsa cikin littafinku, ku nuna wa malaminku. Wanda ya gama ya taimaki na kusa da shi.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Allah ya tsare ƴaƴanmu duk inda suke. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.