Kangon da Ya Tsaya a Linta



An nemi in yi magana a kan tsadar rayuwa, musamman kuɗin mai da kuɗin ruwan bashin gida. Da na ji kashi na biyu sai na yi murmushi. Mutum nawa ne a zauren nan ya mallaki gidan da yake kwana da bashin banki? Ba sai kun ɗaga hannu ba, na san amsar. Bakatsine ba haka yake gina gida ba. Adashi yake shiga, ranar da kwasa ta zo kansa ya sayi fuloti. Bayan shekara ya zuba fandisho. In an biya kuɗin hutu ya sa a buga masa bulo ɗari biyar, in ya sayar da ragon da ya kiwata ya sayi rodi. A haka, cikin shekara bakwai ko goma, ya rufa kwano a ɗaki biyu ya tare, sauran a ƙarasa yana ciki. Bankinsa shi ne rarar da ke saura a aljihu a ƙarshen wata. Wannan bankin ne ya karye, kuma a gidan mai ya karye.

Duk wanda ke shakka ya bi hanyar Dutsin-ma, ko ta Batsari, ko ta Mani, ya ƙirga kangayen da suka tsaya a linta, ciyawa ta fito a tsakar falo, awaki na shan inuwa.

Mu Katsinawa muna da tsohon tarihi da kuɗin mai. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tarar da lita a naira 75, ya sauko da ita har 65. Marigayi Muhammadu Buhari, wanda ya riƙe hukumar rarar kuɗin mai ta PTF a zamanin Abacha, a mulkinsa ne lita ta koma 145 a 2016. An yi ƙorafi a lokacin, amma abin da ya biyo baya ya mantar da mu. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a jawabin rantsuwarsa. Cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake dubu. Makonni biyu bayan jawabin Babban Banki ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta kai 1,500 a farkon 2024. A Disambar shekarar, hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari.

Ban zo in ce tallafin nan tsarkakakke ne ba. Mu da ke maƙwabtaka da Maraɗi mun san inda wani kaso nasa ke bi da dare, ta Jibiya da Kwangwalam, a jarkoki da tankunan mota da aka yi wa ƙari. Amma an yi wa mara lafiya fiɗa ba tare da an tanadi jinin da za a ƙara masa ba. Ga shi kuma wata biyu kacal bayan cire tallafin aka yi juyin mulki a Nijar, ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka. Jihar da rabin numfashin kasuwancinta ke fitowa daga arewa ta sha duka biyu a damina ɗaya.

Yanzu ku biyo ni mu ga yadda mai ke shiga cikin gini. Simintinmu daga Sakkwato ko Obajana yake zuwa a bayan tirela. Buhun da ake saye wajen naira dubu biyar a 2023 ya haura dubu goma a farkon 2024. Yashi a tifa yake zuwa. Ruwan kwaɓi, in ba mai kura ba, to injin burtsatse ne. Magini da leburansa a babur suke zuwa, kuma sun ci tuwon da aka auno masararsa a tiya mai tsada, aka niƙa a injin da ke shan mai. Wannan duk kun sani.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tarkon nisa. Fuloti mai araha yana bayan gari, can inda kwalta ta ƙare. Da, ma'aikaci kan ce ba komai, babur zai kai ni. Yau wanda ya tare a can, yana da 'ya'ya uku a makarantar cikin gari, ga aiki a sakatariya, ga cefane a babbar kasuwa, abin da yake ba ɗan kabu-kabu da mai Napep a wata yana iya kamo hayar da ya gudo. In ya ce zai dawo cikin gari, sai ya tarar haya ta yi tsalle, domin 'yan'uwanmu da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Batsari, Safana, Jibiya da Ɗanmusa su ma ɗaki suke nema. Ba laifinsu ba ne. Manomin da da yake kawo mana gero, yau shi ma a bakin mai awo yake tsaye.

To, bankin fa? Babban Banki a ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 a cikin 2024, don ya tare hauhawar farashi. Mu yi lissafin ɗan firamare. Ka ci bashin naira miliyan goma a kan kashi 25: ruwan kaɗai miliyan biyu da rabi ne a shekara, sama da dubu ɗari biyu a wata, ba ka taɓa uwar kuɗi ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 kuwa dubu 70 ne.

Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake yankar kashi biyu da rabi na albashin ma'aikaci a zuba, Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya kuma ya ba da rance a kan kashi shida, a biya har tsawon shekara talatin. Ruwan miliyan goma a nan dubu hamsin ne a wata. Da sauƙi. Amma sai kana da takardar mallaka ta gwamnati, alhali yawancinmu takardar mai unguwa da shaidu ce a ƙarƙashin katifa. Sai kuma babbar magana, wadda masu tsara manufofi ke wucewa kamar ba su gani ba: ko kashi ɗaya ne, Bakatsine da yawa ba zai taɓa bashi da ruwa ba, domin addininsa ya hana. Ana yankar kuɗinsa kowane wata a asusun da ba zai iya ci ba. Bankin Jaiz, wanda ba ya ta'ammali da ruwa, ya fara aiki tun 2012, malamanmu sun san murabaha da ijara sarai. Hanyar a buɗe take, isa ga ƙaramin ma'aikaci da ɗan tireda ne ba ta yi ba.

Wanda aka naɗa ministan gidaje a 2023, Ahmed Musa Dangiwa, ɗan jihar nan ne, kuma ya taɓa shugabantar Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya. Don haka ba za mu ce ba a san ciwonmu a Abuja ba. Gidaje 'yan ɗaruruwa da gwamnati ke ginawa abin godiya ne, kamar yadda rukunin gidajen Goruba da Barhim suka rufa wa wasu asiri, amma ba za su ɗauke birni irin wannan ba.

Roƙona ga gwamnatin jiha, wadda kasonta daga asusun tarayya ya ƙaru bayan cire tallafi: a sauƙaƙe takardar fili, kuɗinta da jiranta. Duk sabuwar unguwar da aka yanka, motar hukumar sufuri ta jiha, KTSTA, ta riƙa shigarta safe da yamma a farashin da talaka zai iya. Ƙungiyoyin ma'aikata da na 'yan kasuwa da ke zauren nan, ku zauna da malamai da bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, ku fitar da tsarin da zai sayar wa mai kango kwano da katako ya biya a hankali. A fara da waɗanda suka riga suka kai linta, kafin wata daminar ta sake dukan bangonsu.